Masu jiran hukuncin kisa: Me ake yi da shekarun da ke tsakanin hukunci da ajali?



Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Guéné ya san kwaltar da ta taso daga gadar Malanville ta miƙa kudu. Ita ke kai shanunmu da albasarmu da shinkafarmu Kandi da Parakou har Kwatano. Ita ce kuma ke kai 'ya'yanmu gidan kaso idan tsautsayi ko son zuciya ya faɗa musu. Na kusa da mu yana Kandi. Babban kuma yana Akpro-Missérété, kusa da Porto-Novo, tafiyar kusan kilomita 700 daga nan. Da zarar mota ta ɓace da mutum a kan wannan hanya, yawancinmu mukan rufe babinsa. Sharhinmu na yau a kan waɗanda aka fi rufe babinsu ne, wato mutanen da kotu ta yanke wa hukuncin kisa, da kuma abin da suke yi da ragowar kwanakinsu.

Mutum 14 a Missérété

Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Jamhuriyar Benin tun 1987. A 2012 ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta soke wannan hukunci, a Janairun 2016 kuma Kotun Tsarin Mulki ta ce babu sauran wanda za a yanke wa shi. Duk da haka akwai mutum 14 da suka rage a sashen masu jiran kisa na gidan kason Missérété: 10 'yan Benin, biyu 'yan Najeriya, ɗaya ɗan Togo, ɗaya ɗan Kwaddibuwa. Sun shafe kusan shekara 20 a wannan hali. Doka ta hana a kashe su, amma takardunsu na nan da hukuncin kisa a rubuce.

Ƙungiyar Amnesty International ta ziyarce su, ta fitar da rahoto a farkon 2017. Ta ce an ware su daga sauran fursunoni, ana fito da su shan iska sau biyar a mako a wani ɗan tsakar gida na daban, abincinsu kuma ba ya isa. Sai a Fabrairun 2018 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta mayar da hukuncinsu ɗaurin rai-da-rai. A Nuwamban 2019 aka rubuta soke hukuncin kisa a cikin tsarin mulkin ƙasa.

Maƙwabtanmu suna da irin wannan jira. A Nijar hukuncin yana nan a doka, amma rabon da a zartar da shi tun 1976. A Najeriya hukumar gidajen gyaran hali ta ce masu jiran kisa sun haura 3,500 a 2024, alhali na ƙarshe da aka zartar shi ne na mutum uku a Jihar Edo a Disamban 2016. Gwamnoni ba sa son sa hannu a takardar kisa, kotuna kuma ba su daina yanke hukuncin ba. Shi ya sa dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Jojin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai-da-rai idan mutum ya shekara 10 yana jira bayan ƙarewar ɗaukaka ƙara.

Maganar ƙisasi da diyya da afuwar magada tana da malamanta da littattafanta, kuma ba ita muka ɗauko yau ba. Abin da ke gabanmu shi ne a ƙasashen nan uku, wanda aka ce wa "za a kashe ka" yawanci yakan rayu shekaru goma, ashirin, ko fiye, a bayan katanga. Waɗannan shekaru rayuwa ce cikakkiya: ana wayar gari, ana rashin lafiya, ana tsufa, ana zama da mutane. Tambayarmu ita ce da me ake cika su.

Kwando ɗaya a jikin bango

A Amurka, inda jiran kisa kan zarce shekara 20, akwai abin dubawa. A babban gidan yarin birnin Raleigh da ke Jihar Karolina ta Arewa, rabon da a zartar da kisa tun 2006, kuma mutane sama da 100 ne ke sashen masu jira. Wani daga cikinsu, Lyle May, ya rubuta a 2017 cewa suna da gasar ƙwallon kwando da suke yi tsakaninsu a kowace shekara. Mutanen da aka yanke wa ƙauna suna raba kansu ƙungiya-ƙungiya, suna atisaye, suna jiran ranar wasa.

Akwai dalilin da ya sa wannan wasa ya dace da gidan yari. James Naismith ya ƙirƙiro shi a 1891 don ɗalibai su motsa jiki a cikin ɗaki lokacin sanyi, saboda haka tun asali wasan matsattsen wuri ne. Cikakken filinsa mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, kuma rabin wannan ma ya isa. Da kwando ɗaya a jikin bango, da ƙwallo ɗaya, mutum shida za su yi wasa uku-uku. Ƙwallon ƙafa da muka fi sani yana neman fili mai faɗi da mutum 22, abin da tsakar gidan masu jiran kisa ba ta da shi.

Amfanin wasan ya wuce zufa. Ba a cin sa sai an miƙa wa ɗan'uwa ƙwallo, saboda haka dole mutum ya yarda da wani. Ba ya yiwuwa sai da doka da alƙalin wasa, saboda haka wanda ya saba warware rigima da hannu yana koyon jin usur ya tsaya. Akwai nasara akwai faɗuwa, kuma gobe za a sake haɗuwa da wanda ya kayar da kai a layin abinci. Dattijon da gwiwarsa ta daina ɗaukar tsalle yana komawa mai koyarwa ko mai riƙe lissafin maki, daga nan kuma yaron da ya shigo jiya ya sami babba da zai ji maganarsa. Gasa tana kuma raba shekara gida-gida. Mutumin da ranakunsa duk iri ɗaya ne ya sami wata rana da yake ƙirga saura kwana nawa, wadda ba ranar mutuwarsa ba.

Afirka ma ta ga irin wannan. A tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, fursunonin siyasa sun daɗe suna roƙon a bar su buga ƙwallon ƙafa, har suka kafa hukumar wasa tasu mai suna Makana, da alƙalai da kwamitin ladabtarwa da rubutattun dokoki. Da yawa daga cikinsu sun fito sun riƙe muƙamai a ƙasar bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela. A cikinsu akwai cewa duk fursunan da ba ya aiki a waje yana da haƙƙin aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki a fili kowace rana idan yanayi ya ba da dama. Mu ma mun san rai dangin goro ne, ban iska yake so.

Malamai a bayan ƙofa

Wasa ƙofa ce kawai. Abin da ke bayanta shi ne babba ya riƙe hannun ƙarami.

Anthony Ray Hinton baƙar fata ne ɗan Jihar Alabama. An kama shi a 1985 bisa zargin kisan mutum biyu, ya yi kusan shekara 30 yana jiran kisa, aka sake shi a Afrilun 2015 bayan an gano cewa shaidar harsashin da aka dogara da ita ba ta tabbata ba. A tsawon zamansa an fitar da mutum sama da 50 daga sashensu an kashe. Cikin wannan hali ya nemi izinin shugaban gidan ya kafa zaman karatun littattafai. Daga cikin masu zama da su har da wani tsohon ɗan ƙungiyar farar fata masu ƙin baƙaƙe, wanda aka yanke wa hukunci kan kashe wani saurayi baƙar fata. Ya zauna a da'ira ɗaya da mutanen da aka rene shi a kan ƙinsu, kafin a zartar masa da hukunci a 1997.

A Uganda, an yanke wa Susan Kigula hukuncin kisa a 2002. A gidan yarin Luzira ita da abokan zamanta suka kafa makaranta, wadda ta fi sani tana koya wa wadda ba ta sani ba. Sunanta ne a gaba a ƙarar da fursunoni sama da 400 suka shigar, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a Janairun 2009 cewa ba daidai ba ne doka ta tilasta wa alƙali yanke kisa ba tare da duba yanayin mai laifi ba. Ta yi karatun lauya da Jami'ar Landan tana ɗaure, aka sake ta a 2016.

Akwai kuma wata ƙaramar jarida mai suna Compassion da masu jiran kisa a Amurka suke rubutawa tun 2001. Kuɗin da ake tarawa da ita ana ba da tallafin karatu ne ga dangin mutanen da aka kashe. Masu rubutun ba za su taɓa ganin yawancin ɗaliban ba.

Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya fito. Mafi yawan hidimar gidan yari ba ta da mai rubuta ta: wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa takardar kotu, wanda ya sami ziyara ya raba gari da sabulu, wani ya wanke tufafin maras lafiya, wani ya kwana yana yi wa sabon shiga magana don kada ya cutar da kansa a daren farko.

Musulmi bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. A ƙissar Annabi Yusuf (AS), samari biyu da suka shiga kurkuku tare da shi sun kawo masa mafarkinsu ne don sun ga kyautatawarsa. Malaman tafsiri sun ambata cewa yana jinyar maras lafiya a cikinsu, yana buɗa wa wanda wuri ya matse, yana nema wa mabuƙaci taimako. Ɗaya daga cikin samarin kashe shi za a yi, amma Annabi Yusuf ya karantar da su biyun kafin ya fassara mafarkin, bai ware wanda kwanansa ya ƙare ba. Sahabi Khubaib ɗan Adiyyu kuma yana tsare a Makka ana jiran ranar kashe shi, ya ari aska, sai ɗan ƙaramin yaron gidan ya rarrafo wurinsa. Uwar ta firgita da ta ga ɗanta a cinyarsa ga aska a hannu, shi kuwa ya kwantar mata da hankali, bai taɓa yaron ba. Daga baya ita da kanta ta ba da shaidar ba ta taɓa ganin kamamme mai kirki kamarsa ba. Imam Sarakhsi ma daga kurkuku ya yi wa ɗalibansa shiftar babban ɓangare na littafinsa Al-Mabsut.

Haƙƙin waɗanda aka kashe

Wani zai ce: wanda ya raba uwa da ɗanta, shi za a saya wa ƙwallo? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace aka kashe a Kano, wadda labarinta ya girgiza ƙasar Hausa a farkon 2022, ya san zafin da ke bayanta. Jinin da aka zubar ba ya gogewa da wasa, ba ya gogewa da karatu. Haƙƙin magada yana nan, kuma al'ummar da ta kula da mai laifi ta manta da marayun wanda aka kashe ta yi zalunci.

Amma akwai abubuwa uku da ya kamata mu auna. Na farko, abin da alƙali ya yanke shi ne hukunci. Yunwa da cuta da zaman shekaru a ɗaki babu motsi ƙari ne da babu kotun da ta rubuta. Na biyu, shari'ar ɗan Adam tana kuskure, kuma Hinton shaida ne. A wuraren da talaka ba ya da lauya, ba ya jin harshen kotu, kuskuren ya fi sauƙin faruwa. Na uku, ƙofar tuba ba ta rufe ga mai rai. Mun san hadisin mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na 100 da mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba, sannan malami ya nuna masa hanya, ya kuma umarce shi da ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Maganin da malamin ya ba shi sauyin abokan zama ne. Fursuna ba shi da ikon yin hijira, saboda haka abokan zaman kirki sai dai a samar masa su a inda yake.

Abin da ya sa maganar ta shafi Guéné

Gidajen kason Benin sun cika sun batse. Rahoton Amnesty na 2024 ya nuna fursunoni sun tashi daga ƙasa da 7,000 a 2016 zuwa sama da 18,000 a ƙarshen 2023, kuma fiye da rabinsu jiran shari'a suke yi. Missérété da aka gina don mutum kusan 1,000 tana ɗauke da sama da 3,700 a 2023.

A daidai wannan lokaci arewacin ƙasar ya shiga matsalar tsaro. Jihar Alibori da dajin W da ke maƙwabtaka da mu sun ga hare-haren da suka ci rayukan sojoji da dama a Janairu da Afrilun 2025. Shari'ar duk wanda ake zargi da ta'addanci tana hannun kotu ta musamman da aka kafa a 2018, mai suna CRIET, wadda ke kudu, saboda haka wanda aka kama a nan can ake kai shi. Ga kuma rufe iyakar Malanville da Gaya da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda ya tsayar da abincin direbobi da 'yan dako da 'yan kabu-kabu da ƙananan 'yan kasuwa. Matashin da sana'arsa ta tsaya ya fi kusa da faɗawa hannun hukuma, ko da laifi ko da tsautsayi.

To mu ɗauki saurayi ɗan shekara 20 daga wani ƙauyen Guéné ko Karimama, makiyayi ko manomi, wanda ba ya jin Faransanci, ba ya jin harshen Fon ko Gun, danginsa kuma ba su da kuɗin motar zuwa kudu. Ranar da ya shiga, wani zai nuna masa inda zai kwanta, ya gaya masa dokokin ɗaki, ya fassara masa abin da gandiroba ya ce. Wannan mutum shi ne malaminsa, ko hukuma ta sani ko ba ta sani ba. Babu fursunan da ke zama babu malami. Abin da ya rage shi ne wane iri zai samu: wanda zai koya masa alwala da karatu da haƙuri, ko wanda zai koya masa fasa shago, ko wanda zai raɗa masa cewa duniya ta zalunce shi, ga masu bindiga a daji suna jiran irinsa.

Masu gajeren ɗauri suna shiga suna fita. Masu dogon ɗauri, da masu rai-da-rai, da waɗanda aka sassauta wa hukuncin kisa, su ne 'yan gida, kuma halinsu shi ne halin gidan. Idan an bar su cikin zaman banza da ƙunci, abin da za su gadar wa yaranmu ke nan. Idan an ba su aji su koyar, da fili su shirya gasa, da amanar jinyar marasa lafiya, sun zama dattawan unguwa. Yawancin waɗanda ke tsare yau za su dawo gida wata rana, su zauna a sahu ɗaya da mu, su auri 'ya'yanmu. Kula da mutumin da ba zai taɓa fitowa ba, kula ne da wanda zai fito.

Abin da ke hannunmu

Hukuma tana da nata nauyi. Hukumar kula da gidajen kaso ta ƙasa ta tabbatar da awa ɗaya ta motsa jiki ga kowa, har da masu hukunci mafi tsanani. A hanzarta shari'ar masu jira, a samar da tafinta na Dandi da Fulfulde da Hausa da Batonu. A kuma ɗauki kyakkyawan hali na shekaru a matsayin abin dubawa idan ana maganar sassauci, domin wanda ya san babu abin da kirkinsa zai canza yana buƙatar imani mai ƙarfi kafin ya dawwama a kansa.

Mu kuma jama'ar masallatai, mu fara da Kandi tunda ita ce kusa. Kwamitin masallaci zai iya neman izinin shugabannin gidan ta hanyar da doka ta tsara, ya tambaye su abin da ya fi ƙaranci kafin ya ɗauki kaya. Mun saba kai abinci da azumi da salla, kuma alheri ne, amma fursuna yana nan a sauran watanni goma sha ɗaya. Ziyara sau ɗaya a wata wadda ba ta yankewa ta fi babbar ziyara ta shekara. Zumunta a ƙafa take.

Abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfinmu ba: sabulu, maganin ƙaiƙayi, tabarma, allo da alli, littattafan koyon karatu na boko da na addini, ƙwallo, da ƙarfen kwando wanda maƙerin walda na gari zai iya haɗawa. Idan an kafa aji ko gasa, a bar ragamar a hannun fursunonin da suka daɗe kuma aka shaide su da natsuwa, malamin waje ya zama mai dubawa. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Parakou, musamman masu karatun shari'a, za su iya taimaka wa iyalai su fahimci takardun kotu, su san inda shari'ar ɗansu ta kwana. Limamai kuma su tuna da gidaje biyu a huɗuba da rabon zakka: gidan wanda aka ɗaure, da gidan wanda aka kashe ko aka yi wa ɓarna. A cikin kowannensu akwai mata da yara da ba su yi laifin komai ba.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni ga wanda tashin ƙiyama ya riska da dashen dabino a hannunsa, idan zai iya dasawa kafin ta tsaya, ya dasa. Mutumin da ke koya wa ɗan'uwansa baƙaƙe alhali takardar mutuwarsa tana ajiye a ofis, da wannan umarni yake aiki, ko ya san hadisin ko bai sani ba. Mu da muke waje ba mu san ranarmu ba fiye da yadda ya san tasa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya ba iyalansu haƙuri. Allah Ya kuɓutar da wanda aka tsare babu laifi, Ya karɓi tuban mai laifi, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.